Sunan da Inna Ba Ta Faɗa

A gidanmu da ke Yola ta Karaye akwai suna guda da Inna ba ta faɗa, wato sunan Yayana. Shi ne ɗanta na fari, Inna kuwa tana da kunyar ɗan fari irin wadda ko a cikin tsofaffi sai an tona. Sauran matan unguwa ma suna yin tasu kunyar, amma daidai misali, su laƙaba wa yaro wani suna su huta. Inna ko laƙabi ba ta yarda da shi ba. "Wancan" take ce masa. Ranar da ta tashi da farin rai ta ce "mai ɗakin zaure". Akwai wani mai sayar da manja a bakin layinmu da aka yi rashin sa'a sunansu ɗaya da Yaya. In za ta aike ni wajensa sai ta ce, "Je ki gun mai sunan wancan." In mai karanta gaisuwa a rediyo ya ambaci sunan, tari ne ke sarƙe ta, ba ya sakinta sai an shiga gaisuwa ta gaba.

Abin bai tsaya a suna ba. Ba ta yi masa magana kai tsaye. Ko yana durƙushe a gabanta yana gaishe ta, bango take amsa wa. In tana da saƙo kuwa, ni take kallo.

"Ke, tambayi wancan ko ya ƙoshi."

Ni kuma in juya in ce, "Yaya, wai in ji Inna ka rage ci, rumbu ya kusa nuna ƙasa."

"Yaushe na ce haka, 'yar banza?" Sai ta jefo ni da mara, Yaya ya yi ta dariya har da riƙe ciki.

Duk da wannan ɗaure fuskar, kowa ya san inda zuciyarta take. Tsokar da ta fi kowacce girma a tukunya a ƙarƙashin tuwon Yaya take kwana. Na san haka domin ni ce mai kai kwanon, kuma tsakanin madafa da zaure akwai 'yar tafiya, akwai kuma wani lungu a bayan rumbu inda ido ba ya kaiwa.

Bayan aike, ina da wata baiwa da ba wanda ya taɓa gode wa Allah a kanta sai ni. Ina kwaikwayon murya. Ina yin gyaran muryar Baba idan ya dawo daga ofishin hakimi, inda yake aikin rubutu. Ina yin kukan akuyarmu har 'ya'yanta su taho da gudu. Wadda na fi ƙwarewa a kai ita ce sallamar Baffa, yayan Baba, ɗan kasuwa mai fataucin hatsi da mazarƙwaila tsakanin Karaye da Rogo. Inna tana jin kunyarsa shi ma, kasancewarsa yayan miji. Da na laɓe a soro na yi sallamarsa, sai ka ji ƙarar kwanuka, Inna ta watsar da komai ta faɗa ɗaki. Na sha duka a kan wannan, amma ban taɓa jin na yi asara ba.

Shekarar da Yaya ya gama sakandare ta kwana, Baba ya riga ya gama shelanta wa duk wanda ya taɓa zama a kan bencin ofishinsu cewa ɗansa likita zai zama. Ni kaina na fara yi wa ƙawayena alkawarin allura kyauta. Sai sakamako ya fito, bai yi kyau ba. Abokansa suka ɗaure akwatuna suka nufi Kano, shi ya rage.

Baba bai yi faɗa ba. Da ma ya yi. Ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya tara mu ya kafa doka: kada wanda ya ƙara ambaton jarrabawa a gidan nan, kada a tsokani yaron, a bar shi ya huta. Da ya zo kan tsokana ni ya kalla, kamar ni kaɗai ce mai baki a gidan. Nufin Baba alheri ne, amma sai gidanmu ya koma kamar gidan da aka yi rasuwa aka hana kuka. In Yaya ya shigo tsakar gida, hira ta mutu. Inna da take satar kallonsa ta gefen ido, ta daina, wai kada ya ga kamar ana tausaya masa. Saƙonninta ma suka ƙare, sai dai ta turo min kwano da ƙafa ta nuna zaure da haɓa.

Da farko ƙwallo ya bari. Daga nan ya bar zama da samari a bakin titi. Sai ya koma yin salla a ɗaki. Sai wanka ya zama sai an yi sa'a, sumarsa ta taru har na fara tunanin kaza za ta iya yin ƙwai a ciki ba a sani ba. A ƙarshe ya sa sakata. Rana tsaka yana kwance ya juya wa duniya baya, kwano kuma yadda na kai haka nake ɗaukowa.

Ba zan ɓoye ba, farkon lamarin ni na ci riba. Na yi kumatu, wuyana ya yi layi, har wata maƙwabciya ta tambayi Inna me take ba ni. Amma wata rana da hantsi na tarar bai sa sakata ba, na tura ƙofar na shiga. Ɗakin yana warin rufi. Mutumin da yake ɗaga ni da hannu ɗaya ya rataye ni a reshen darbejiya, na ga wuyan hannunsa bai fi nawa ba.

"Yaya, Inna ta ce ka daure ka ci ko loma ɗaya."

Bai juyo ba. "Inna ta ce, ko ke kika ce?"

"Wallahi..."

"Kada ki yi rantsuwa. Kullum ke ce mai cewa. Ni tunda nake ban taɓa jin abin da ta ce ba." Can ya ce, "Da can kunyata take ji don ni ne na fari. Yanzu kunyar ta samu dalili. Ki daina wahalar da kanki, ni da babu duk ɗaya ne a gidan nan."

Ranar ko a lungun bayan rumbu ban tsaya ba. Na kai wa Inna kwanon da namansa, na faɗa mata abin da ya ce, kalma da kalma, ban ƙara ko ƙwayar gishiri ba. Karo na farko ke nan a rayuwata da na isar da saƙo yadda aka ba ni, kuma shi ne aka ƙi yarda da shi.

"Rufe min baki," in ji Inna. "Wancan ba zai faɗi haka ba. Wa bai san al'ada ba? Ke dai ba kya gajiya da ƙirƙira."

Ta ci gaba da tankaɗe. Sai dai miyar ranar sau biyu ta sa mata gishiri, Baba ya ci yana shan ruwa kamar raƙumi.

Nan fa masana suka fito. Ban san unguwarmu cike take da likitoci ba sai lokacin. Wata ta ce aljana ce ta aure shi a bakin madatsar ruwa. Wata ta ce baki ne, Baba ya cika yabon yaro a bainar jama'a. Wani ya ce a duba ko ya fara shaye-shaye. Ni na ba da shawarar soyayya ce, ba wanda ya nemi ra'ayina. Aka kawo rubutu, aka kawo saiwoyi, aka kawo turaren hayaƙi, kuma ni aka ɗora wa aikin fifita hayaƙin ta ƙarƙashin ƙofa. Na yi aikin da gaskiya. Da kifi ne a ɗakin, da tuni ya zama banda an kai shi kasuwa. Yaya dai tari kawai yake yi, ko zagina bai yi ba, abin da ya fi komai tayar min da hankali ke nan.

Sai Baffa ya kawo tasa. Ya zauna da Baba a soro, ni ina shara a kusa, shara mai tsawo wadda ba ta ƙarewa sai an gama magana. Ya ce taɓin hankali ne, kuma tun yana ɗanye ake maganinsa. Ya san wani mai magani a wani ƙauye can bayan Gwangwan. Mari yake sa wa mutum a ƙafa, ya haɗa da bulala da jiƙo, ba ruwansa da lallashi.

"Na ga wanda aka kai yana ihu yana fisge-fisge," in ji Baffa. "Da aka dawo da shi ko uffan ba ya cewa."

Na ce, "Baffa, ai namu dama ba ya cewa uffan."

Ranƙwashin da na sha har yau in hadari ya haɗu wurin yana min zugi.

Baba ya gaji, ya rame shi ma, kuma a ofis an fara yi masa irin gaisuwar nan ta "ya mai jiki" da murya ƙasa-ƙasa. Ya ce to. In har ranar kasuwar Rogo ta zo yaron bai fito ya ci abinci ba, Baffa ya zo da a-kori-kurar da take ɗaukar masa kaya a tafi da shi.

Na taɓa ganin mutum da mari a ƙafa, yana tafiya yana jan ƙarfe, ƙudaje na bin gyambon idon sawunsa. Na auna ƙafar Yaya a raina, ƙafar da take cin ƙwallo daga tsakiyar fili, na ce a'a. Tunda manya sun gwada nasu ilimin, bari ni ma in gwada nawa.

Bayan azahar, gida ya yi tsit, na lallaɓa gindin 'yar tagar ɗakinsa da ke kallon tsakar gida. Na san muryar Inna kamar tafin hannuna, taushinta da 'yar dishewar da take yi a ƙarshen magana. Wahalar ɗaya ce, ban taɓa jin sunan a bakinta ba, sai da na ƙera shi da kaina. Na matse maƙogwaro, na kira shi, a hankali, da ɗan jan ƙarshe.

Ban rufe baki ba na ji sakata. Ƙofar da ta yi makonni tana mana rowa ta buɗe kamar iska ta banke ta. Ya fito ba takalmi, yana dafa bango, hasken rana ya kashe masa ido, yana waige-waige. Fuskarsa irin ta yaron da aka ce masa ga mahaifiyarka ta dawo daga tafiya. Sai ya gan ni tsugune a gindin taga, hannuna a maƙogwaro.

Na shirya wa mari, na ma miƙa kumatun, tunda dama da namansa aka gina su. Bai taɓa ni ba. Ya dube ni kawai, hasken fuskar ya mutu, ya koma ya mayar da sakata.

Da na juya, Inna tana tsaye a ƙofar madafa da faifai a hannu. Ta ga fitowarsa, ta ga komawarsa. Na sake shirya baya, wannan karon wa muciya. Ita ma ba ta taɓa ni ba, ta shige ɗaki ta bar garin a faifai kaji suna ci. A rana ɗaya mutum biyu sun hana ni dukan da na cancanta. Ban taɓa jin rashin adalci irin wannan ba.

Ranar kasuwa da sassafe a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gida. Baffa ya shigo da majiya ƙarfi biyu cikin masu yi masa dako, ɗaya da igiya a kafaɗa. Kaka ma tana nan, mahaifiyar Inna, ta taso daga Ruwan Bago ta ƙasar Rogo tun jiya da ta ji labari, da ƙullin mazarƙwaila a ka. A hannunta aka yaye Yaya, kuma ita ce ta koya wa Inna duk wannan kunya, domin ita nata ɗan farin har ya yi furfura bai san ta san sunansa ba. Da jika kuwa ba kunya, sai wasa. Ta je ta buga ƙofa da sandarta.

"Maigida! Buɗe, matarka ce. Wane irin miji ne kai, na yi tafiya tun daga Rogo ba ko sannu da zuwa? Ina kuɗin cefane? In ba ka fito ba yau zan kai ƙara a raba auren nan, ga samari can suna layi."

Da can da ya ji wannan zai ce, "Wa zai kwashi tsohuwa ba haƙori?" Yau shiru. Kaka ta juyo. Ta miƙo min mazarƙwaila guda don ta samu abin yi da hannunta, na tura a baki na koma bakin rijiya, domin ba na son ganin abin da zai biyo baya, kuma ba na son ya wuce ni.

"A ɓalle ƙofar," in ji Baffa. "Rana tana yi."

Baba yana tsaye ya harɗe hannu a baya, bai ce a yi ba, bai ce a bari ba. Mai igiya ya sauke ta daga kafaɗa.

Sai labulen ɗakin Inna ya ɗaga. Matar da sallamar Baffa kaɗai take sa ta faɗa ɗaki, ta fito gabansa, gaban baƙin maza, gaban mahaifiyarta, mayafi a karkace, kwano a hannu. Ta ce wa Baba, "Malam, a dakata." Ta ratsa ta tsakaninsu ta tsaya a ƙofar ɗakin. Ta buɗe baki ta rufe. Ta sake buɗewa. Sannan ta kira sunansa, sunan yanka, cikakke.

Ba zan rubuta sunan a nan ba, an sha wuya kafin a faɗe shi, ba zan raba shi kyauta ba. Abin da zan ce shi ne, ashe kwaikwayona bai yi ko kusa ba. Nawa mai santsi ne kamar na 'yan wasan rediyo. Nata ya fito a kakkarye, kamar ƙyauren da ya shekara ba a buɗe ba.

Kaka ta toshe kunne. "Innalillahi! A gabana? Duniya ta zo ƙarshe!" Tana faɗa hawaye na bin kumatunta.

Kowa ya zuba wa ƙofa ido. Can daga ciki muka ji muryar Yaya, a shaƙe:

"Wallahi yarinyar nan, in na fito sai na karya ki."

Duk tsakar gidan aka juyo aka kalle ni. Ni da nake can bakin rijiya, baki cike da mazarƙwaila, ban ce ko a ba. Inna ta dube ni, irin kallon da ke cewa ke kika ɓata, ke za ki gyara. Na haɗiye abin da ban gama taunawa ba, ya tsaya min a wuya, na ɗaga murya iyakar ƙarfina:

"Yaya, ni ga ni nan a bakin rijiya! Ba ni ba ce! Saurara ka ji, ina magana tana magana, baki nawa gare ni?"

Na ci gaba da surutu, na karanto sunayen unguwanni, na yi kukan akuya, duk don ya ji inda nake. A cikin wannan haukan nawa Inna ta sake kiran sunan, ta ƙara da cewa, "Ni ce. Buɗe."

Sakata ta yi ƙara. Wannan karon a hankali ya buɗe, kamar mai tsoron a sake yi masa. Ya ga Inna. Ita kuma ba ta kalli bango ba, shi ta kalla.

"Ni na dafa, ni na kawo," ta ce. "Ba takarda na haifa ba, kai na haifa. Zauna ka ci ina gani."

Ya sulale a bakin ƙofa ya zauna, ya kifa kai a gwiwa, kafaɗunsa suna rawa. Inna ta tsuguna kusa da shi ta buɗe kwanon, ta tono tsokar daga ƙarƙashi ta ɗora a sama, a gaban kowa.

Baba ya yi gyaran muryar nan tasa, wadda na iya, amma ta ranar ban taɓa gwada ta ba. Ya ce wa Baffa, "Yaya, ku tafi kada kasuwa ta watse. Allah ya saka da alheri." Baffa ya yi ƙunƙuni cewa ciwon zai dawo, a tuna ya faɗa. Igiyar dai buhunan dawa ta ɗaure ranar.

Ba zan ce Yaya ya warke a take ba, ko da yake bakina yana ƙaiƙayin in faɗi haka. 'Yan lomomi ya ci. Bayan kwanaki Baba ya kai shi asibiti, wani malamin asibiti ya zauna da shi suka daɗe suna magana, ya ce ciwon damuwa ne, yana kama samari fiye da yadda ake zato, kuma a daina yi masa shiru a gida. Dokar hana tsokana ta faɗi, na koma bakin aikina da izinin likita. Da lokacin yankan rake ya zo ya bi Kaka Ruwan Bago, ya dawo ya yi baƙi ya yi ƙwanji, shi da ita suna ta rigimar wasan sakin aure da kome. Har yanzu akwai ranakun da yake wayar gari ba ya son magana, sai Baba ya aje keke ya zauna da shi a soro. Ya fara buɗe littattafansa, wai zai sake zama.

Inna kuwa washegari da safe ta koma "wancan", kamar ba ita ba. Na ce, "Inna, wane wancan? Ai mun ji sunan." Ta jefo ni da mara.

Sai dai tun daga ranar ba ta ƙara ba ni kwanonsa ba. Da kanta take ɗauka, ta wuce ta gaban rumbu ba ta tsayawa, ta ajiye a gabansa, ta tsaya tana yi wa bango bayanin cewa a ci da zafi. Ni da na yi rabin aikin ba wanda ya ce min sannu. Kumatun nan duk sun zube, har maƙwabciyar nan ta sake zuwa tana tambayar Inna ko ba ni da lafiya.